Wankin saiwar haƙori da tallan leza: zare ga ƴan Birnin Kudu da Gwaram

1/ Jama'a, yau sai na yi magana. Sau huɗu ke nan a satin nan ana turo min bidiyon wani asibitin haƙori na birni: wai wankin saiwar haƙori da LEZA, babu zafi, minti 30 ka tafi gida. A ƙasan bidiyon ƴan Birnin Kudu da Gwaram sai tambayar farashi suke. Ku gyara zama, zaren nan yana da tsawo.

2/ Tun farko in faɗi matsayina. Ni mataimakin likitan haƙori ne, ban kai likita ba. Ni ke tsayawa gefen kujera, ni ke zuƙo ruwan wanki a sirinji, ni ke riƙe bututun da ke tsotse yawu. Shekara shida ina leƙa bakin mutane. Abin da idona ya gani zan faɗa, da abin da aka koya min.

3/ Kuma abin ya taɓa ni har gida. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune wajen Gwaggonmu a ƙasar Gwaram. Turminta na ƙasa ya yi kogo tun tana makaranta. Ta ɓoye min don ta san abin da zan ce: taho a duba. Ita kuwa tsoron allura take kamar me.

4/ Kun san yadda ake yi a wajenmu. Gwaggo ta daka kanumfari ta cusa mata. Maƙwabciya ta ce garin taba. Wani Kawunmu ya rantse tsutsa ce, a ɗiga ruwan batir ta mutu. Allah Ya taimaka ba a ɗiga ba. Mai kyamis ya ba ta Amoxil da Flagyl har zagaye uku. Ciwo ya lafa ya dawo, ya lafa ya dawo.

5/ Sai saurayinta ya ci karo da irin tallan nan. Don burgewa ya ɗauke ta da ƙawarta har birni, ya biya kuɗin da zai sayi buhunan masara. Ba zan kama sunan wurin ba. Ta kira ni tana murna: "Yaya, da leza aka yi min, ko rabin awa ba a yi ba." Gabana ya faɗi.

6/ Na ce, "Ke, sun shimfiɗa miki roba a baki?" Ta ce a'a. "Kin ji wari irin na Hypo?" Ta ce a'a, ruwa mai gishiri-gishiri dai ta ji a harshe. "An ɗauki hoton haƙorin kafin aiki da bayansa?" Ta ce, "Haba Yaya, kai fa ka cika tambaya." Na ja bakina na yi shiru.

7/ Bayan wata huɗu ƙurji ya fito a dasashi yana tsiyayar mugunya, kumatu ya tasa. Saura sati bakwai biki. Da likitanmu ya buɗe haƙorin sai ya tarar da kwararo guda ba a ko taɓa shi ba, sauran kuma an cike su a kan datti. Har yau ina tuna warin da ya taso.

8/ To bari in yi bayani, don wanda bai san ciki ba shi ake yi wa wayo. Muna ɗaukar haƙori kamar ƙashi ne zalla. A cikinsa akwai ɗan ɗaki mai tsoka mai laushi, da jijiya, da hanyoyin jini. Daga ɗakin siraran kwararo ke gangarawa cikin saiwa har ƙashin muƙamuƙi. Haƙorin gaba yawanci kwararo ɗaya, turmi uku ko huɗu.

9/ Idan kogo ya ci har ya isa ɗakin nan, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Tsokar ta kumbura, ga shi babu wurin buɗawa, shi ne ciwon da ke hana ka barci ka ji kamar ana buga ganga a kai. Daga baya tsokar ta mutu, ciwo ya ɗauke, ka ce maganin Gwaggo ya yi aiki. A lokacin ruɓa take.

10/ Ruɓar sai ta bi kwararo ta fita ta bakin saiwa ta shiga ƙashi. Nan ne mugunya ke taruwa. Tun 1965 aka tabbatar da mai laifi: Kakehashi da abokan aikinsa a Amurka sun huda haƙoran ɓeraye kashi biyu. Waɗanda aka raina babu ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu sun warke. Ɓerayen gama-gari haƙoransu sun ruɓe sun yi mugunya.

11/ Wato babu wata tsutsa, Kawu ya yi haƙuri. Ƙwayoyin cuta ne. Kuma ga dalilin da ya sa Amoxil ɗin kyamis ba ya gama aiki: magani jini yake bi ya isa inda ciwo yake, mataccen haƙori kuwa babu jini a cikinsa. Zai rage kumburin waje, amma gidan ƙwayoyin yana nan daram.

12/ Idan an kai nan hanya biyu ce. Ko a cire haƙorin, ko a yi wankin saiwa, abin da za ku ji ana cewa rut kanal. A kashe wurin da allura, a buɗe haƙorin ta sama, a kwashe ruɓaɓɓiyar tsoka, a wanke kwararo, a busar, a cike da wani ƙaro mai suna gata-faca, a rufe sama da ciko ko hula.

13/ A duk matakan nan, wanda ya fi muhimmanci shi ne wanda ba ya kyau a bidiyo: wankin. Likita yana amfani da siraran magagari masu kama da allura yana faɗaɗa kwararo. Amma kwararo ba miƙaƙƙen bututu ba ne. Yana da lanƙwasa, da rassa, da lunguna, kamar saiwar gero idan ka tuge ta.

14/ A 2001 Peters da abokan aikinsa sun ɗauki hoton cikin turame da na'ura mai ganin ƙananan abubuwa, kafin a sa magagari da bayan an sa. Suka ga kashi 35 cikin 100 na bangon kwararo, ko fiye, ƙarfe bai taɓa shi ba sam. Duk ƙwarewar likita, sama da kashi ɗaya cikin uku sai dai ruwa ya isa wurin.

15/ Ku ɗauki jarkar manja da ake son zuba ruwan sha a ciki. Hannu ba ya shiga, soso ba ya kai lungu. Me ake yi? A zuba ruwan omo, a toshe, a girgiza, a zubar, a sake, a sake. Wankin saiwa ke nan. Ku riƙe jarkar nan a ranku, zan dawo kanta.

16/ Omon wannan aiki sunansa sodiyam haifokulorait. Eh, sinadarin da ke cikin Hypo da Jik ɗin da ake wanke fararen kaya. Shi ya sa na tambayi ƙanwata ko ta ji warinsa. A aikin haƙori ana amfani da shi daga ƙarfin kashi 0.5 zuwa wajen 5.25 cikin 100, gwargwadon zaɓin likita.

17/ Ba sabon abu ba ne. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani masanin sinadarai ɗan Ingila, Henry Dakin, ya haɗa shi a ƙarfin kashi 0.5 don wanke raunukan sojoji, tare da likitan tiyata ɗan Faransa Alexis Carrel. Daga nan ya shigo aikin haƙori, kuma har yau shi ne kan gaba a duniya.

18/ Dalili: aiki biyu yake yi lokaci guda. Yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma yana narkar da ragowar matacciyar tsokar da ta maƙale a lungu. Ruwan gishirin asibiti, irin wanda ƙanwata ta ɗanɗana, ɗauraya kawai yake yi. Ba ya kashe komai, ba ya narkar da komai. Jarkar manja ce aka wanke da ruwan rijiya zalla.

19/ TSAYA. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗiga Hypo a kogon haƙorinsa. Wallahi zai ƙone maka dasashi da harshe da maƙogwaro, ciwon kuma yana nan. Haka ruwan batir, haka fetur. Na ga bakin da ruwan batir ya cinye har ƙashi ya bayyana. Ba na fatan kowa ya ga irinsa.

20/ Saboda haɗarinsa ne ake shimfiɗa robar da na ambata. Ƙaramar leda ce ta roba, a huda ta, haƙorin da ake aiki a kansa kaɗai ya leƙo. Tana hana sinadari zuba a baki, tana hana yawu mai ƙwayoyi komawa cikin kwararo, tana hana ka haɗiye magagari. Wani likita a Niyok, Sanford Barnum, ya ƙirƙiro ta tun 1864.

21/ 1864 fa. Shekara 160 da ɗoriya. Robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma wurin da ke tallan leza bai sa wa ƙanwata ba. Kuma abin a haɗe yake: wanda bai sa roba ba yana tsoron zuba sinadari mai ƙarfi, sai ya koma ruwan gishiri. Rashin ɗaya ke jawo rashin ɗayan.

22/ Akwai wani haɗarin kuma. Idan aka cusa allurar wanki har ta cije a kwararo aka danna da ƙarfi, sinadarin zai fita ta bakin saiwa ya shiga nama. Nan take zafi mai tsanani, fuska ta kumbura, ta yi tabon jini. Shi ya sa ake amfani da allura mai huda a gefe, a tsaya kafin ƙarshe, a danna a hankali.

23/ Ruwa na biyu shi ne EDTA, mai ƙarfin kashi 17. Magagari idan yana gogar bango yana barin wata laka da ke toshe ƙananan ƙofofin haƙori, ƙwayoyi su laɓe a bayanta. EDTA ke cire lakar, cikin kamar minti ɗaya. Wani likita ɗan Norwe, Nygaard-Østby, ya shigo da shi aikin a 1957.

24/ Na uku kulohekzidin, mai kashi 2. Yana kashe ƙwayoyi amma ba ya narkar da tsoka, don haka ba ya maye gurbin na farko. Kuma ba a haɗa su kai tsaye, in sun gamu sai su yi wani gurɓataccen ruwa ja-ja mai toshe kwararo yana ɓata launin haƙori. Ranar farko a aiki aka ja min kunne kan wannan.

25/ Sai lokaci. Sinadarin yana rasa ƙarfi da zarar ya gamu da datti, dole a riƙa sabunta shi, sirinji bayan sirinji, tsakanin kowane magagari da na gaba. A turmi mai kwararo huɗu hannuna har gajiya yake da zuƙo ruwa. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba abin mamaki ba ne, wani lokacin zama biyu.

26/ Yanzu ina leza ta shigo? Sirinji kaɗai yana da iyaka. Ruwan ba ya wuce bakin allura da nisa, wani lokacin ma kumfar iska ta tsaya a ƙasan kwararo ta tare hanya. Sai masana suka ce to a girgiza ruwan yana ciki. Mun dawo kan jarka: an zuba ruwan omo, saura girgizawa.

27/ Lezar da aka fi amfani da ita a nan ana kiranta Er:YAG, tsawon zangon haskenta nanomita 2,940, irin hasken da ruwa ke shanyewa nan take. Kowane walƙiya yana tayar da ƴar kumfa a cikin ruwan, ta buɗe ta rufe cikin ƙiftawar ido, ruwan ya hargitse ya daki bango ya kutsa lungu. Aikinta ke nan.

28/ Ku lura da kyau. A wannan hanya ruwan ne ke wanki, leza girgiza shi take. Idan ruwan gishiri ne a ciki, ruwan gishiri za ta girgiza. Idan likita bai gano kwararo na huɗu ba, hasken ba zai nemo masa shi ba. Ka girgiza jarka daga nan har Basirka, in babu omo manja yana nan.

29/ Ba na ƙin fasaha, a yi min adalci. A gwajin ɗakin bincike, kan haƙoran da aka cire, girgiza da leza tana fitar da datti fiye da sirinji kaɗai. Wasu gwaje-gwaje sun nuna ana samun sauƙin ciwo a kwanakin farko. Na yarda da wannan. A hannun ƙwararren da ya cika sauran sharuɗɗa, ƙari ne mai kyau.

30/ Amma tambayar da ta dame ka ita ce: bayan shekara biyu, biyar, ƙashin ya warke, haƙorin yana nan? A nan hujjar cewa leza ta fi wanki na tsanaki har yanzu ba ta yi ƙarfi ba. Wankin da aka yi da kyau ba tare da ita ba, kusan haƙora 9 cikin 10 suna zama a baki shekaru masu yawa.

31/ Maganar "babu zafi" kuma, don Allah a daina raina mana hankali. Allurar kashe wuri ce ke hana zafi, kuma da leza da babu leza sai an yi ta. Ƙanwata da ta gudu daga allurarmu, can ma allura aka yi mata. Ta manta ne saboda ta ga na'ura mai walƙiya da kujera mai laushi.

32/ Kuma akwai hanyoyin girgiza masu araha. Akwai ɗan tsinke mai karkarwa da ake ɗaura wa na'urar wanke tsatsar haƙori, wadda kusan kowane ɗakin haƙori yake da ita. Akwai ma ta hannu: a ɗauki tsinken gata-faca a riƙa sa shi ana fitarwa cikin ruwan na kamar minti ɗaya. Ko wuta ba ta buƙata.

33/ Na'urar leza irin waccan kuɗinta dala dubu goma-goma ne, ga gyara, ga kayan canji daga waje. Wa zai biya? Kai, a cikin kuɗin aikinka. Shi ya sa dole a yi ta bidiyo. Ban ce haramun ba ne mutum ya tallata kayansa. Na ce zalunci ne a karɓi kuɗin leza a hana ka roba da sinadari da lokaci.

34/ Abin da ke ci min rai ke nan. Matasanmu na Kangire, Sundimina, Sara, Fagam suna ganin in ba a je birni an haska musu na'ura ba, ba a yi aiki ba. Sai mutum ya zauna da ruɓaɓɓen haƙori wata shida yana tara kuɗin leza, yana haɗiyar Flagyl kamar gyaɗa.

35/ To ɗaya ɓangaren ma ba zan ƙyale ku ba, ƴan "a cire kawai a huta". Na san da yawanku za ku ce ai da ta cire tun farko da duk wannan bai faru ba. Yarinya ƴar shekara 19, turminta na farko, wanda ya fi kowane haƙori aikin tauna. A cire, sannan me?

36/ Turmin nan yana fitowa ne tun yaro yana shekara 6, a can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye sai su ɗauka na nono ne, zai fita wani ya maye. Ba wanda zai maye. Shi ya sa shi ne ya fi yin kogo, shi ne aka fi cirewa. Ku duba bakin ƙannenku yau.

37/ Idan aka cire aka bar giɓi, na baya ya kan kwanto gaba, na sama ya zazzago ƙasa don ba abin da ya tare shi, ƙashin wurin ya riƙa shanyewa. Abinci ya fara maƙalewa a sababbin wurare, sabon kogo ya taso. Na ga mata ƴan shekara 35 da ba sa iya tauna tsire, sai dai a jiƙa musu komai.

38/ Ban ce cirewa kullum kuskure ba ne. Haƙorin da ya tsage har saiwa, ko wanda ya cinye babu abin da za a ɗora ciko a kai, ko wanda ƙashinsa ya tafi yana girgiɗi, cirewa ce gaskiya. Likita nagari zai duba hoto ya faɗa maka. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci kafin a duba.

39/ Na ga sharhin yana zuwa: "Malam, talaka ina ya ga kuɗin rut kanal?" Gaskiya ce, ba zan musa ba. Ya fi cirewa tsada nesa ba kusa ba, ga kuɗin mota sau biyu ko uku daga ƙauye. In har ba za ka iya kammalawa ba, cirewa a asibiti da kaya masu tsafta ta fi maka alheri.

40/ Domin mafi muni shi ne rabin aiki. An buɗe, an wanke, ciwo ya tafi, ka ƙi komawa a cike. Cikon wucin gadi ya faɗi, yawu ya koma ciki, haƙorin ya fashe a kan ƙashin nama wata rana. Ka yi asarar kuɗi, ka yi asarar haƙori. Kafin a fara, tambayi jimillar kuɗin har da rufe sama.

41/ Amma mu ma mu yi wa kanmu hisabi. Kogon da aka kama da wuri ciko kawai yake so, zama ɗaya, kuɗi kaɗan. Mu ne muke jira sai ya hana mu barci. Lissafa abin da ka kashe a kyamis cikin shekara, da kwanakin da ba ka je gona ko shago ba, ka gani ko jinkirin ya yi araha.

42/ Masu cire haƙori a kasuwa da fulaya ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan, ruwan roba guda ake tsomawa: ku ji tsoron Allah. Ciwon hanta nau'in B da C ta jini suke bi. Kuma saiwar da ta karye ta zauna a ƙashi, mu ake kawo wa bayan sati biyu fuska ta zama kamar ƙwarya.

43/ Ku haddace waɗannan. Kumburi a ƙarƙashin haɓa ko ya gangara wuya, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, harshe ya tasa sama, zazzaɓi, ko ido ya fara rufewa. Wannan ba na gobe ba ne, a tafi asibiti a daren. Tun 1836 likita Ludwig na Jamus ya bayyana irinsa, yana toshe numfashi ya kashe.

44/ Ba a daji muke ba. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, wadda har daga ƙasar Bauchi ake zuwa. Akwai Dutse. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Jami'ar Bayero ke horar da likitocin haƙori. Duk inda ka je, tabbatar likitan haƙori ne mai rajista da hukumar MDCN zai yi maka wankin saiwa.

45/ Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma kogon haƙori da ba a yi wa magani ba shi ne kan gaba. Bambancin kawai, a wasu wurare ana kama shi yana ƙarami, mu kuwa sai ya zama ƙurji.

46/ Ga masu riƙe da lafiya a Jigawa, ƙananan hukumomi 27, roƙona ba leza ba ce. Kujerar haƙori mai aiki a manyan asibitoci, da likitan da zai zauna. Na'urar hoton haƙori. Sola, don kada wuta ta ɗauke an buɗe haƙorin mutum. Tukunyar dafa kayan aiki. Roba, sinadari, allurar wanki. Kuɗin leza ɗaya zai sayi waɗannan ƙananan da yawa.

47/ Ga ƴan'uwana masu mabiya da ake biya ku yi tallan asibiti: ku ci kuɗinku, amma ku tambaya kafin ku ɗora. Turare ne in bai yi ba a jefar. Wannan bakin mutum ne. Yarinyar da ta ga bidiyonka a Gwaram ta yarda da kai ne, ba ta san mai asibitin ba.

48/ Kai kuma mai ciwon, kafin ka kwanta a kujera, a birni ne ko a gida, yi tambayoyin nan:
Za a ɗauki hoto kafin aiki da bayansa?
Za a sa min roba?
Da wane ruwa za a wanke?
Kwararo nawa haƙorin yake da su?
Zama nawa, kuma nawa ne duka har da hula?

49/ Likita na ƙwarai ba zai ji haushi ba, wallahi daɗi zai ji. Namu har hoton yake juyo wa mutum ya nuna masa da biro. In ka ga ana kauce wa tambaya ana nuna maka na'ura, ɗauki takalminka. In an amsa duka biyar kuma aka ce akwai leza a kai, kana da hali, bismillah.

50/ Ƙanwata dai an sake mata aikin daga tushe. Zama biyu, kowanne sama da awa ɗaya, roba a baki, ni da kaina na zuƙo ruwan. An gano kwararo na huɗu. Girgizar da hannu aka yi, da tsinken gata-faca. Ƙurjin ya bushe cikin kwana goma, an yi biki tana dariya da baki buɗe. Wata shida za ta dawo hoto.

51/ Angon nata har yanzu in mun haɗu sai ya sunkuyar da kai. Na ce masa, "Ango, niyyarka mai kyau ce, tallar ce ta ci kuɗinka." Gwaggo kuwa ta tsaya a kan cewa kanumfarinta ne ya riƙe yarinyar. Ban yi musu ba, don kanumfari yana rage zafi da gaske na ɗan lokaci. Kogon ne ba ya cikewa.

52/ Kafin duk wannan: buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, ka tofar kada ka kuskure da ruwa nan take. Aswaki ya ci gaba, yana da amfani. Rage lemon kwalba, alawa, da shayin da siga ya fi ganye yawa. Ka ji sanyi ko zaƙi na tsira maka a haƙori ɗaya, je a duba a satin.

53/ Na gama. Wanda ke da wani a gida yana fama da ciwon haƙori ya tura masa wannan, musamman lamba 19, 43 da 48. Masu tambaya ku ajiye a ƙasa, abin da na sani zan amsa bayan isha'i, abin da ya fi ƙarfina zan kai wa likita gobe. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.